Gadon da Aka Rufe wa Baki

Zauna ka ji labarin wani mai lambu, manomin albasa a bakin fadama, wanda ya gaji lambun da rijiyarsa daga mahaifinsa. Bai san ya gaji wani abin ba sai da furfura ta fara cin gemunsa. Mutumin da ke saɓa buhu ya haura gangare yana raha, ya koma sai ya dafa bishiya ya nemi numfashi. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya kuwa san wannan hanya, domin ita mahaifinsa ya bi, ita baffansa ya bi, kuma a cikinsu babu wanda ya sake taka lambu. Tsoronsa ɗaya ne: kada rani ya kama yana kwance a tabarma, wani na ba albasarsa ruwa.

Aka kai shi babban asibiti a birni. Likitar da ta duba shi ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce jikin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin gado, kowace da aikinta, kuma ba da hannunsu suke aiki ba, aike suke yi. Tasa guda ɗaya, can a hanta, tana aika saƙo a ƙera wani sinadari, amma ƙirar na fitowa a karkace, abin ya bi jini ya taru a naman zuciya har ta yi tauri. Akwai allurar da ba ta taɓa ƙwayar ko kaɗan. Ɗan aiken take tarewa a hanya ta lalata saƙon, sai ƙirar ta ragu ƙwarai. Da irin wannan dabara ma, in ji ta, masu bincike ke gane aikin kowace ƙwaya: su rufe mata baki, su zuba ido su ga me ya tsaya. Sai dai ƙarfin allurar yana ƙarewa, dole a riƙa maimaitawa bayan 'yan watanni.

Nan fa mai lambu ya tsuke fuska. Shi mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da aya-aya, ciyawar da in ka bar ƙwaya ɗaya a ƙasa za ta dawo da danginta. Ya ce, "Likita, ni manomi ne. Ciyawar da aka sare wa kai, gaishe ta kawai aka yi. A tono abin nan har saiwa, a ɗora mini a tafin hannu in gani." Ta ce, "Baba, wannan ba ciyawa ba ce. Da kai aka halicce ta, kuma tana da ɗan amfanin da take yi maka." Bai saurara ba. Ya karkaɗe rigarsa ya koma gida, yana faɗa wa duk wanda ya zo dubiya cewa 'yan birni rabin aiki suka iya.

Wata safiya ya lallaɓa lambu yana ban ruwa, yana yi yana hutawa. Yayarsa, tsohuwar da ta goya shi yana jariri, ta biyo shi da ƙwaryar fura, ta zauna a kan kunya tana kallo. Ruwa ya biyo magudana ya cika fangalin albasa ɗaya, sai mai lambu ya ɗebi curin laka ya toshe bakin, ya buɗe na gaba. Ta bar shi ya yi haka har ya kai tsakiyar lambu, sannan ta ce, "Auta, ba kai ka ce ruwa in ya yi yawa yana ruɓar da albasa ba? To ka cike rijiyar nan mana, ka huta." Ya ɗago yana haki ya ce, "Yaya, tsufa ya fara taɓa ki ne? Rijiyar Baba zan cike?" Ta ce, "Oho. Ni dai tun kana da gashin baki baƙi nake ganinka kana toshewa yau, gobe ka dawo ka sake toshewa, ban taɓa ji ka kira shi rabin aiki ba. Jinin da kake so a tono, shi ya ba ka wannan kafaɗa, shi ya ba ka wannan taurin kai. Sha furarka."

Ya daɗe tsugune da laka a hannu, yana kallon ruwan da ya tsaya cak a bayan ɗan curin da ya sa. Sai ya yi dariya, ya wanke hannu, ya karɓi ƙwaryar.

Ya koma wurin likita ya miƙa damtse. Bai koma saurayi ba, gangaren nan har yanzu yana sa shi tsayawa. Amma ciwon ya rage gudu, numfashi ya ɗan saki, kuma da albasa ta nuna a ranin nan, shi da kansa ya sunkuya ya cire ta farko, ya karkaɗe ƙasarta, ya kai wa yayarsa. Duk lokacin da ranar allura ta zagayo, sai ya saka hularsa ya ce wa mutanen gida zai je toshe fangali.

Abin da yake naka, in ya karkace, dabara ake nema masa a zauna da shi lafiya. Shi ya sa magabata suka ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.