Cediyar da Baba Ya Ɗora wa Giginya

Tarihin gwagwarmaya da mulkin Nasara ba zai cika ba sai an sa Babana da butarsa.

Lokacin an hana saran giginya mai rai, ga ɗakinmu na Gaya yana yoyo don rashin azara. Wata la'asar na taso daga lakwal, makarantar boko, na tarar da shi a gona, kan tsani, yana cusa taki a jikin giginyarmu, inda tsiron cediya ya fito daga kashin tsuntsu. Ya ɗiga masa ruwa da butarsa kamar mai ba jariri magani.

Na ce, "Baba, mushe, malaminmu, ya koya mana cediya shaƙe giginya take yi."

Ya ce, "Mushenku ya yi karatu. Ni aka hana in kashe ta, ba a hana cediya ba. Matacciya kuwa gardin daji ba ya tsaronta."

"Yaushe za ta mutu?"

"Riƙe tsanin, ɗan lakwal."

Har yau warin jiƙaƙƙen taki yana taso mini da dariya. Cediyar ta girma, ta rungumi giginyar. Baba ya daɗe da rasuwa. Giginyar kuwa, bara ma ta yi 'ya'ya.