Tsakanin Buhu Biyu

"Sake!" in ji tsohon.

Ta cije leɓe, ta fito da motar daga tsakanin buhunan ƙaiƙayi biyu da mahaifin nata ya jera a filin firamare a Gwaram, wai su ne motocin mutane. Tun bayan la'asar abu ɗaya suke yi: ta karya sitiyari, ta yi ribas, ta miƙe taya, shi kuma ya ce sake. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan bas zuwa Birnin Kudu, yau ko kujerar gaba ya ƙi shiga, sai dai ya tsaya a rana yana daka mata tsawa.

Wannan karon motar ta shige sumul, ko inuwar buhu ba ta taɓa ba.

"Sake!"

Ta kashe motar ta fito a fusace. "Haba Baba! Me kuma ya rage? Sai na ɗauke ta a ka na ajiye? Ka duba mana!"

Bai duba ba. Ya tako a hankali, hannunsa a gaba yana lalube, har ya dafa bayan motar. Ya sunkuya ya shafo buhun, ya auna tazarar da taƙi.

"Ashe ta zauna," ya ce, yana kallon gefen da babu kowa. "To, gobe ke za ki kai ni wajen likitan ido. Ƙofarsu cike take da motoci, ni kuwa ba zan ga wadda za ki goga ba."