Kek ɗin Cikar Mama Saba'in

Kirim ɗin ya sake zamewa daga gefe, ya taru a gindin faranti. Miran ta yi tsaki, ta kwashe shi da wuƙa mai faɗi, ta sake shafawa.

Ta daɗe tana gashi a ɗan madafinta na birnin Daegu, amma kek ɗinta kullum tsirara yake zuwa tebur. Yau ce ranarta ta farko da ado, kuma ranar da surukarta, wadda kowa ke kira Mama, ke cika shekara saba'in.

Matar da ke koyarwa a waya sai jan kunne take yi: a kula da ɓurɓushi, kada ya ɓata farin kirim. Wannan kam bai dami Miran ba. Santsi ne matsalarta. Sai da ta sa shi a firij ya ɗauki sanyi, sannan kirim ya yarda ya zauna.

Mijinta Taesik ya leƙo yana shinshina. "Yau ko ƙamshin gashi ban ji ba."

"Hancinka ne ya tsufa. Cire yatsanka daga kwanon nan."

Furannin kirim suka fi ba ta wuya. Na farko ya fito kamar kabeji, na biyu kamar kunnen akuya. Ta goge, ta sake matsa ledar kirim, harshe a waje, har suka fara kama da fure. Ta jera jajayen sitiroberi a sama, ta ja da baya ta duba. Wallahi ya yi kyau.

Ƙararrawa ta yi ƙara daidai lokacin da ta zata. Bokhi ce, yayar Taesik, cikin sabuwar riga.

Kowa da sana'arsa, ta Bokhi ita ce taimako. Duk taron dangi sai ta biyo ta rage wa Miran kaya a motarta, ta riga kowa isa gidan Mama. Kafin Miran ta ƙaraso da yara, naman da ta kwana tana jiƙawa ya zama girkin Bokhi, kimchi, wato kabejin da ake tsumawa da yaji don hunturu, shi ma haka. Ita ke shan yabo, har tana dafa ƙugu wai bayanta ya ƙage. Matar ƙani ba ta ƙaryata yayar miji a gaban mutane, don haka Miran sai dai ta yi murmushi ta tafi wanke-wanke.

"Kawo in tafi da shi, kada yara su zauna a kai," in ji Bokhi. Ta ɗaga kwalin kek ɗin, ta yamutsa fuska. "Ba shi da nauyi."

"Yaya, ai haka mai kyau yake. Kamar iska."

Bokhi ta gyaɗa kai, ta adana maganar.

Da Miran ta iso, gidan Mama ya cika. An sha miyar ganyen teku, jikoki sun durƙusa sun gaida Mama. Kek yana tsakiyar tebur, Bokhi na tsaye a kansa kamar mai gadi.

"Tun asuba nake tsaye," take gaya wa ƙannen mahaifinta. "Ƙwai kawai sai da hannuna ya mutu wajen kaɗawa. Ku ɗaga ku ji, kamar iska. Haka mai kyau yake."

Aka yi ta tafi. Wata gwaggo ta juyo ta ce wa Miran ta riƙa zuwa tana koyo. Miran ta sunkuyar da kai ta ce to.

Wani ya kawo kyandir, Mama ta ɗaga hannu. "Kyandir saba'in? So kuke ku ƙona min gida?" Ta dubi 'yarta da idon tausayi. "Bokhi, ke kika gasa shi? Da hannunki?"

"Daga gari har fure, Mama."

"Ba wanda ya taya ki?"

"Wa zai taya ni?"

"To, mai aiki ita ke yanka."

Ta miƙa mata wuƙa. Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar hoto. Bokhi ta gyara gashi, ta yi murmushi, ta danna.

Ƙwal!

Ta sake dannawa da ƙarfi. Wuƙar ta zame, kirim ya tsage, wani baƙin abu ya haska daga ciki. 

Mama ta lakato fure guda da yatsa, ta lasa, ta lumshe ido.

"Miran, 'yar albarka, hannunki ya faɗa," ta ce. "Ke kuma Bokhi, bi a hankali, kada ki ƙwarzane min tukunyar shinkafa. Aronta na ba Miran jiya."