Hannun 'Yar Ladidi

Tun da aka fito da gilashin duba tafin hannu, ba a yanka ragon suna sai ya faɗi halin jariri. Ladidi tana 'yar kwana bakwai ya ce maƙaryaciya ce. Har yau, ko cewa ta yi ana ruwa, sai an leƙa waje.

Ranar sunan 'yarta, ma'aikaciya ta shigo da gilashin. Hayaƙin turaren wuta na yawo a ɗaki, jaririyar na murmushi cikin barci, hannu a dunƙule.

"Maijego, buɗe mini hannunta."

"Na gwada, Hajiya, ya ƙi buɗuwa," in ji Ladidi, tana shafa 'yan yatsun, tana ƙara rufe su.

Wannan ce ƙaryar farko da ta taɓa yi.