Rajistar Hayin Kogi

Tambaya takwas aka yi wa Malam Sumana, bai yi kuskure a ko ɗaya ba.

Tun safe ake kiran ma'aikatan wani ƙaramin asibiti da ke bayan Akwatia Line ɗaya bayan ɗaya, ana gwada abin da suka sani game da rabon maganin tundurmi, ciwon nan da sauro ke kawowa ya kumbura ƙafa ta koma kamar turmi. Wanda ya fi kowa shi za a tura arewacin ƙasar ya koyar da sababbin masu rabo. Sumana har ya sa matarsa ta wanke masa jakar tafiya. Shekara biyar ya yi yana wannan aiki a can kafin ya dawo Kumasi, kuma ai da tsohuwar zuma ake magani.

Matar da aka turo yin gwajin tana zaune a bayan tebur. Ba ta miƙe ba da ya shigo, abin ya ɗan sosa masa rai, don ya haife ta. Hausarta irin ta 'yan arewa ce, mai mai da mace namiji, amma rabin Zongo haka suke magana.

"Yaya ake sanin ƙwaya nawa mutum zai sha?"

"Da sandar awo, Madam. Tsayi ake dubawa, ba shekaru ba. Yaron da bai kai santimita casa'in ba, ba a ba shi koraa, ko kaɗan."

Kafin ta tambaya ya jero mata sauran waɗanda ba a ba su: mai ciki, mai jegon da ba ta yi sati ba, mai ciwon da ya kwantar da shi. Sau ɗaya a shekara, aƙalla shekara biyar a jere, kowane gida. Yana faɗa yana kaɗa ƙafa, mutumin naku ya ga hanyar arewa ta buɗe.

"Ƙafa in ya riga ya kumbura, maganin yana mai da shi?"

"A'a, Madam. Sai dai wanki da sabulu da lallaɓawa har ƙarshen rai. Shi ya sa ake rigakafi."

Ta daɗe kafin ta rubuta wannan amsar.

"Na ƙarshe. In ka je ba ka samu mutum ba?"

"Ka koma. Ba a sa wa mutum alama sai ka ga ya haɗiye da idonka."

Ta ajiye biro. Maimakon ta sallame shi, sai ta sunkuya ta jawo jaka, ta fito da wani dogon littafi mai koren bango wanda gara ta ci gefensa. Ta juyo da shi ya fuskance shi. Tun kafin ta buɗe ya gane shi, don rubutun da ke bangon nasa ne.

Shekara ashirin ke nan. Ƙauyen da aka ba shi yana da gidaje goma sha bakwai a hayin kogi, rabon kuwa kullum da damina yake zuwa, lokacin da ruwa ke cika ya yi ja. Kwalekwale ɗaya ne, shi ma yana yoyo. Sumana ba abin da yake tsoro a duniya kamar ruwa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Shekarar farko ya tsaya a gaɓa ya ce sai baɗi. Ya zauna a gindin wata kaɗanya, ya buɗe sunayen da masu ƙidaya suka ba shi, ya bi su da alama ɗaya bayan ɗaya, ya tona rami ya binne ƙwayoyin. Da baɗin ta zo, hannun ya riga ya saba.

Babu wanda ya gani. Da alamominsa aka haɗa lissafi, aka ce an gama da hayin kogi.

"Malam, wannan aikinka ne?"

"Nawa ne."

"Duka ka ba su da hannunka?"

Fankar da ke sama tana juyawa, amma zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Saura shekara biyu ya yi ritaya da mutuncinsa. Ya auna: littafi dai ba ya magana, ramin kuma ciyawa ta daɗe da rufe shi.

"Da hannuna, Madam."

"Ka yi tunani. Ba na sauri."

A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya. Sumana ya gyara zama ya ce Allah ne shaidarsa.

Ta buɗe shafi ta ɗora yatsa. "Karanta mini layi na arba'in da uku."

Ya sa tabarau ya karanta. "Barkisu Bawah, mace, shekara goma sha ɗaya." Alama biyar ne a gaban sunan, a jere, tsaf.

"Ka tuna shi?"

Ƙarya in ta fara, ƙawa take nema. "Na tuna ta sarai," in ji shi. "Wata 'yar siririya. Kuka ta dinga yi, sai da na lallashe ta ta haɗiye."

Matar ta rufe littafin a hankali. Ta dafa tebur da hannu biyu ta yunƙura, ta zagayo tana jan ƙafar hagu, ƙafar da ta cika bakin zanenta, naɗe da farin ƙyalle, ba takalmin da zai shige ta. Ta tsaya a gabansa har ya gama kallo.

"Ni ne Barkisu Bawah, Baba. Damina biyar muna zaune bakin kogi muna jiranka, yau ne farko da na ga fuskarka."