Kujerar Muttaka

Buhun masara na kan wuyan Sha'ibu, idonsa na kan Muttaka.

Tare suka fara dako a siton Alhaji Badamasi, dillalin hatsi a kasuwar Yankara. Kwano ɗaya suke ci, famfo ɗaya suke wanke zufa. Amma Muttaka Alhaji ya riƙa zaɓa. Shi aka ba makulli, shi ke shiga ya zuba wa hatsi maganin ƙwari. Bayan kaka ya ɓace ba sallama, da ya dawo kuwa ya zama wani mutum daban: kujera a inuwa kusa da sikeli, baƙin tabarau, ga lemo mai sanyi. Buhu ko na ƙaiƙayi ya daina taɓawa.

Sha'ibu ya ɗaga masa hannu daga bayan tirela, Muttaka ko gezau. Ya sake gwadawa washegari, haka. Daga nan ya daina bi ta gabansa, ya hana sauran 'yan dako kula shi. Lokaci-lokaci direban Alhaji kan riƙo hannun Muttaka har mota, kamar wani ciyaman, su nufi Kano.

Rayuwa kuwa ta yi zafi. Kwanon masara ya ninka, kuɗin mota ya ninka, ladan buhu na nan inda yake. Kowa na gunaguni, Sha'ibu ya hura wutar.

"Mu muna karya baya, wani na shan lemo da guminmu," in ji shi. "Ranar kasuwa kada wanda ya taɓa buhu."

Ranar kasuwa motocin Faskari da na Sabuwa suka yi layi, ba mai lodi. Direbobi na ta oda, masu kaya na zagi. Kafin azahar Alhaji ya fito yana share goshi.

"Mi kuke so?"

"A ƙara lada. A kuma ɗauke kujerar can da mai ita."

Ƙarin lada Alhaji bai ja ba. A kan kujerar kuwa sai ya dubi taron, ya dubi motocin, sannan ya ce, "Ku kuka ce."

Sha'ibu bai bari wani ya riga shi ba. Ya tsaya a kan Muttaka, zuciyarsa fes.

"Tashi. Mulki ya ƙare."

Muttaka ya ɗago, fuskarsa ta washe. Ya juya ta wajen da muryar ta fito, bai dace daidai ba.

"Sha'ibu? Ashe za ka zo. Alhaji ya ce in na faɗa wa kowa, ba kujera, ba asibiti." Ya miƙo hannu yana laluben iska. "Kama ni ka kai ni gida, ɗan'uwa. Tun ranar da maganin nan ya fashe mini a sito ban sake ganin komai ba."