Ƙafar Hagun Yaya Kubura

Tun da aka fara dasa ƙwayar hana waswasi a bayan kunne, layin asibitin unguwa har bakin titi yake kaiwa. Sa'ade na cikin layin, hannayenta duk sun tsattsage saboda maimaita alwala. Yayarta Kubura ce ta rako ta, ita tun bara aka dasa mata.

"Ki yarda kawai, sarauniyar buta," in ji Kubura, "kafin ki ƙarar mana da rijiya."

"Yaya, likita ta ce akwai wata hanyar. In riƙa zuwa wurinta, tana koya min ajiye butar ko da gabana na faɗuwa."

"Sai kin yi furfura ke nan. Ni yanzu ba na tambayar kaina komai."

Da aka kira azahar, Kubura ta tsuguna bakin famfo ta yi alwala a tsanake, ta miƙe. Sa'ade ta dubi ƙasa, ta ga ƙafar yayarta ta hagu a bushe ƙarau.

"Yaya, ba ki wanke ta hagu ba."

Kubura ko sunkuyawa ba ta yi ba, sai murmushi. "Na wanke."

Nan take Sa'ade ta tuna jaririyar Kubura.

"Kin kai Ummi gidan Inna kafin ki kulle ɗaki kuwa?"

"Na kai," ta ce, da wannan murmushin dai.

Ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunan Sa'ade. Sa'ade ta dafe bayan kunnenta, ta fice daga layin, ta nufi ɗakin Kubura a guje.